Shafukan da Ba Su Ce Komai Ba

A Kajiji nake karanta manga, labaran zane na Japan, a waya. Rannan na iso inda mahaifin jarumar ya rasu, sai ga shafuka babu kalma ko ɗaya. Na ɗauka sabis ne ya cinye rubutun. Rai a ɓace na hau babur har garin Shagari inda sabis ya fi ƙarfi, na sake saukewa. Haka dai suka fito: mutane zaune kan tabarma, kowa kansa a sunkuye.

Tun daga nan littattafan labaran Hausa da na saya bana suka fita raina, ina buɗewa ina rufewa. A cikinsu ko gawa aka shimfiɗa sai wani ya tashi ya yi jawabi. Mu da babanmu ya rasu, bayan addu'a ba wanda ya iya buɗe baki.