Baba Hamid da Akuyar Mutane

Shekarar da aka turo ni Dakoro daga Maradi in koyar a lakwal, wato makarantar boko, darasin tarbiyya ya fi kome ba ni wahala. In na buɗe littafi na karanta labarin wani mutumin kirki na wata ƙasa, sai yara su yi ta hamma kamar waɗanda aka hana fura. Ran nan haushi ya kama ni, na rufe littafin, na ce bari in ba su labarin maƙwabcina, Baba Hamid.

Baba Hamid tsoho ne dogo, mai rawani, mai faɗa kamar me. Wajen Ɗan Gulbi aka haife shi. Fari ya cinye dabbobin iyayensa yana saurayi, ya dawo gefen gari ya kama noman gero. Shekara bakwai da suka wuce wata jar akuya mai tsagar kunnen hagu ta biyo awakinsa gida. Ya yi cigiya a masallaci, ya yi a kasuwa, shiru. Sai ya riƙe ta yadda aka saba: nono nasa, akuya da 'ya'yanta na mai ita.

Kai, akuyar nan ba ta da kunya! Ta ci zogalen matarsa, ta tauna gefen rawaninsa. Kullum ina jin shi ta katanga yana cewa, "Allah ya kawo mai ke, 'yar banza, in huta!" Amma ta hayayyafa har suka zama tara, bai taɓa sayar da ko ɗaya ba, ko shekarar da damina ta ƙi.

Yara suka saki baki. Na rubuta AMANA a tablo, na ce duk mai son ganinta da ƙafafu ya je ya dubi Baba Hamid. Daga nan in wani ya tsinci bik na rubutu, sai ka ji ana cewa, "Yi irin na Baba Hamid."

Bayan girbi, ranar kasuwa, wata ɗalibata Hamdiya ta shigo kilas tana haki.

"Madam, mutuminki ya kora awakin mutane kasuwa. Duka!"

Kilas ya ɗauki surutu. In tsohon nan ya sayar, da wane baki zan sake cewa yaran nan su riƙe amana? Ana tashi na ja gyale na nufi kasuwar dabbobi, yara biye da ni.

Ga shi kuwa a gindin bagaruwa, awaki ɗaure. Ko sallama kasa yi na yi.

"Haba Baba! Ni ina can ina kafa misali da kai, kai kana nan kana neman dillali?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ɗiyata, ke 'yar birni ce, duk abin da ya zo kasuwa na sayarwa ne a gunki? Makiyaya sun gangaro daga arewa. Kowace shekara ina kawo su a gani, ko Allah zai sa a gane."

Wallahi kunya ta rufe ni. Yara suka yi ta dariya, har da masu riƙe ciki.

Muna tsaye wata tsohuwa, Inna Aminatu, da ta zo sayar da man shanu, ta tsaya tana kallon jar akuyar. Ta kama kunnen, ta shafa tsagar, ta ce marigayi mijinta ne ya yi ta da hannunsa. Ta faɗi rijiyar da akuyar ta ɓace a wurinta da kuma shekarar, makiyaya biyu suka shaida. Baba Hamid ya kwance igiyoyi ya damƙa mata duka tara. Tsohuwa sai hawaye.

Sannan ya buɗe buhun da yake zaune a kai, ya fiddo busasshiyar fata a naɗe.

"'Yar'uwa, ki yafe mini. Goma ne. Ɗaya ta mutu bara, ciwon ciki. Ga fatarta, ita ma taki ce."

Na waiwaya. Babu yaro ɗaya da ke dariya.