Tubalin da Aka Ɗora Kan Talabijin

A 2012 ina gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Dubai, ina kwana a wani filat a unguwar Naif. Mai filat ɗin ɗan kasuwa ne, mutumin yankinmu. Ƙauyensu na gindin dutse, namu na bisa. Albarkacin haka ya ba ni gado, kuma kullum sai ya goranta mini.

A bayan ƙauyensu akwai kufan wani gidan yaƙi mai ganuwa da hasumiya. Tun kaka da kakanni aka gina shi, aka ci shi da yaƙi, aka sake tayarwa, har ruwan damina ya gama da shi. Yanzu awaki ke kiwo a ciki. Amma in ya fara ba da labarinsa, sai ka rantse shi ya yi yaɓen. Na tsani labarin nan. Can ake kai waɗanda aka kamo daga kan dutsenmu su kwaɓa ƙasa, kuma ba mai dawowa. A al'adarmu, wanda ba a ga gawarsa ba, abin da hannunsa ya taɓa ake binnewa. Waɗannan ko tsinkensu ba mu samu ba.

Wata rana ya dawo daga gida da tubali guda na ganuwar, ya ɗora kan talabijin. Ya ce in haɗa masa ƙwan fitila a samansa don baƙi su gani. Na ɗauka na juya shi. Curin hannu ne, ga sawun yatsu a jikinsa, ƙanana.

Na ce, "Alhaji, ba zan haska wannan ba. Hannun mutanenmu ne."

Ya yi dariya. "Habibi, ai shi ya sa na zaɓe ka. Kakanninka sun yi wa nawa, kai ka yi mini. Yalla, yi maza."

Sauran 'yan ɗakin suka sunkuyar da kai. Kowa ya san wuyar samun gado a Naif.

Ya ce, "In ba za ka yi ba, khalas, shi ke nan, nemi wurin kwana."

Na haɗa kayana, na naɗe tubalin cikin rigar aiki, na fita. Na daɗe ina raɓe a kicin ɗin wani abokin aiki. Har yau Alhaji ɓarawo yake kirana, ni kuma ko gaisuwarsa ba na amsawa.

Da na je gida hutu, na miƙa wa kakata tubalin. Ta ɗora yatsunta a kan sawun.

Sai ta ce, "Yarinya ce."

Da safe muka binne ta.