Dutsen Ticha Da Shaidu Biyu

Shekarar da kuɗin mai suka fashe, soja na mulki, kowane ma'aikaci a unguwarmu ta Gidan Igwai ya sayi babur. Maƙwabcina, malamin makaranta da muke kira Ticha, Kirista ɗan wajen Filato, sai ya sayo madubin hangen taurari. Tsawonsa kamar indararo, matarsa Madam kuma ta rantse indararo za ta yi da shi in bai nuna mata amfaninsa ba.

Ni ilimina aji huɗu ne, amma cikakku, don haka ni ya fara gaya wa: wani dutse, ya fi birnin Sakkwato girma, zai gitta kusa da duniya. Kafin la'asar na sanar da unguwa, na ɗan ƙara wa dutsen wuta da jela don jama'a su fito.

Suka fito kuwa! Ana sallame magariba fili ya cika, kowa ya juya yamma ya kafa hannu a goshi. Mu mutanen duban wata ne, abin sama a yamma muke nemansa. Ticha na can baya shi kaɗai, madubinsa na kallon gabas.

Da duhu ya shiga muka yi layi. Na kafa ido. Ɗigo! Ɗan ɗigon haske kamar ƙwayar gero.

"Ticha, wanga na dutsen?" in ji mai shayi. "Ina jela tai?"

Dariya ta ɓarke, aka watse. Madam ta tsaya bakin ƙofa tana auna madubin da ido.

Saura ni da Baba Ladan, tsohon da unguwa ke karɓar maganarsa kan ganin wata.

"Baba, tauraro ba ya barin 'yan'uwansa," in ji Ticha. "Wannan tafiya yake yi. Ku riƙe inda yake, ku je sallar isha'i ku dawo."

Baba ya duba ya daɗe. "Shina ƙarƙashin wasu guda biyu. Kai ɗan aji huɗu, kai ma riƙe da kyau. Mutum guda ba ya shaidar abin sama."

Allah ya gafarta mini, rabin sallar nan hankalina na sama na yi ta.

Muka dawo da sauri. Baba ya sunkuya, sai ya ɗago, hularsa ta faɗi.

"Allahu akbar! Ya gusa! Ya shige tsakaninsu!"

Na ture tsoho, na duba. Wallahi ya gusa! Dutse, ba direba, ba mai, yana ta tafiyarsa a kanmu. Na kurma ihu har karnuka suka amsa.

Baba ya je ƙofar Madam ya yi sallama kamar gaban alƙali. "Ɗiyata, mun gani, mu biyu. Mijinki ya yi gaskiya."

Ta gyara ɗaurin zane. "To, ku matsa mini in gani."

Kafin ta ɗago unguwa ta dawo a guje, mai shayi a gaba, yana rantsuwa shi tun farko bai yi musu ba.