Gona Mai Birane Goma Sha Biyu

Malam Inuwa na Saulawa bai taɓa wuce Zariya ba. Shekarar da rediyo ta ce an raba ƙasa jihohi goma sha biyu, shi ma ya raba gonarsa, ya raɗa wa kowane yanki sunan babban birnin jiha. Fadamar rake ta zama Fatakwal, tudun gero Sakkwato.

"Malam, ina zan aiko da fura?" matarsa Lantana kan tambaya.

"Yau a Kalaba zan wuni," yakan ce, yana lumshe ido kamar mai hango teku.

Da yaƙi ya ɓarke, aka tura ɗansu soja Inugu. Lantana ta daina tambaya. Kullum a Inugu ake samun Malam, a durƙushe, yana cire ciyawa inda babu ciyawa.