Usta Shahdad, Mai Bargon Ƙarshen Fili

Ana sallame sallar asuba Usta Shahdad, wato oga Shahdad makanike, yake ɗaga ƙofar garejinsa a Sanaiya, unguwar masu garejoji ta birnin Al-Ain, kuma ƙarar ƙofar nan ita ce agogon duk layinmu. Kafin rana ta fara cin mutane ya riga ya shanye shayinsa a tsaye, ya naɗe hannun riga, ya shige ƙarƙashin wata a-kori-kura. Tun yana saurayi ya ƙetaro teku daga yankinsu na Makran, ga shi yau gemu ya yi fari fat, duk a kan sana'a ɗaya. A kawo masa motar da aka ƙera don jigilar ciyawar raƙuma, shi kuma ya mayar da ita dodon filin tsere. Ya ɗora wa injin sufacaja, abin nan da ke ɗura masa iska da ƙarfin tsiya, ya sauya tiyo da famfon mai, ya fitar da duk wani nauyi, ya yi wa direba waldar kejin ƙarfe a ciki. Daga nan sai ya raba ta da fetur ya koya mata shan metanol. Wannan mai fari ne tas kamar ruwan sha, yana sa mota gudun fitar hankali, amma idan ya kama da wuta da rana tsaka, ido ba ya ganin harshenta ko kaɗan. Sai dai mutum ya ji ta a fatarsa.

A makon nan Usta ya sauke ƙofar garejin, saukewar da ba zai sake ɗagawa ba. Ba wanda ya shirya masa walima, ba wanda ya yi jawabi, abin ya tsaya mini a rai. Shi ya sa nake wannan rubutu.

Ranar tsere, kowane makanike wurin tashin motoci yake tsayawa. Nan ake hoto, nan manya suke zama, nan ake nuna mai mota da wanda ya haɗa ta. Usta kuwa da ya gama duba motarsa sai ya ɗauki bokiti da tsohon bargo jiƙaƙƙe a ciki, da jarkar ruwa, ya taka har can ƙarshen fili inda motoci ke tsayawa, ya tsuguna cikin rana shi kaɗai. Samari ba su taɓa barinsa ya wuce salin-alin ba.

"Baffa, sanyi kake ji ne da bargo a wannan zafin?"

"Ku ƙyale shi, wanki ya zo yi!"

Shi dai ba ya ko juyowa. "Ku iso can da ranku tukuna," in ji shi, "sai mu yi dariyar tare."

Moidu mai shayi, wanda rumfarsa ke manne da garejin tun kafin a zuba wa layin kwalta, ya ga abubuwa da yawa. Shi ya ba ni labarin wani mai hali da ya zo yana so a sirance bututun kejin don motar ta rage nauyi. Usta ya saurare shi har ƙarshe, ya miƙa masa makullinsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, garejoji sun cika layin nan. Ni ba na ƙera makara." Mutumin ya fita yana zage-zage. Bai sake dawowa ba, ya kuma janye abokansa, Usta bai taɓa tayar da zancen ba.

Kai ne, Usta, wanda ba a taɓa jin ya ce "ai motata ce ta ci" ba. Abin da kake tambaya bayan kowane tsere ɗaya ne: kowa ya koma gida?

To, sai batun Ganim. Ɗan Suhail ne mai kiwon raƙuma, shi kaɗai ne namiji a gidan, yaro mai fara'a da rawar kai, wanda mota ta shiga wa rai tun bai iya tsayar da ƙafa a kan totur ba. Uban da kansa ya kawo shi garejin, ya haɗa hanci da Usta suka gaisa irin gaisuwarmu ta nan, ya ce, "Na hana, bai hanu ba. Tunda sai ya yi, ga shi nan, amana na ba ka." Usta ya karɓa. Duk lokacin zafi ya ƙare a kan a-kori-kurar Ganim, ya sa farantin ƙarfe tsakanin tankin mai da bayan kujera, ya ɗaure tukunyar kashe gobara kusa da giya, ya sa yaron ya sayi rigar nan mai kauri da wuta ba ta ci.

Abin da Usta bai sani ba shi ne, bayan motar ta bar hannunsa, abokan Ganim sun taru a gona sun kwance farantin da tukunyar. Wai nauyi ne. Wai da wannan ɗan abin ake cin mutum a tsere.

Da la'asar ɗin ranar tseren Usta ya tarar da Ganim cikin farar kandura, doguwar rigar nan tamu, sabuwa dal, sai ƙamshin turare yake.

"Ina rigar wutar?"

"Tana mota, Baffa. Yanzu zan sa."

"Sa ta ina gani."

"Haba Baffa, sai ka ce jariri? Wallahi zan sa. Je ka da bargonka, ka tanadar mini tafi."

Aka yi dariya, aka kira motocin farko, Usta ya ɗauki bokitinsa ya tafi. Ganim bai sa rigar ba, kuma duk wanda ya san mu ya san dalili. A wurinmu wanda ya ci tsere yakan diro daga mota ya karɓi sanda ya taka rawar yola a gaban danginsa, yana juyi yana cilla sandar sama. Wa zai yi yola cikin riga kamar buhu? Farar kandura ake so a gani a hoto.

Ya kuwa ci. Motar ta wuce abokiyar karawarta kamar an tsayar da waccan, fili ya ɗauki ihu. Tana tsayawa ƙofa ta buɗe da ƙarfi, Ganim ya faɗo waje yana tsalle, yana juyi, yana kaɗa hannuwa sama, yana bugun ƙirjinsa. Jama'a suka ruɗe da tafi. Aka ɗaga wayoyi, wani ya jefa masa sanda, wasu suka fara rera masa waƙa. Yana ta kururuwa, su kuma suna amsa masa da sowa. Innalillahi! Tiyon mai ne ya fashe a bayan kujera, metanol ya jiƙa masa baya da ƙirji, yaron yana ci da wuta a gaban ubansa da ɗaruruwan mutane, ba mai ganin komai sai rawa.

Moidu yana wurin da butar shayinsa. Ya ce bai taɓa sanin tsoho zai iya irin wannan gudu ba. Usta ya watsa masa ruwan jarkar, ya rufe shi da bargon, ya kayar da shi ƙasa. Amma bargo bai rufe ko'ina ba, kuma wutar ba ta ganuwa, ta ina zai san inda ta rage? Sai ya neme ta da hannu. Ya riƙa shafa jikin yaron, wuya, hammata, cinya, duk inda tafinsa ya ji ƙuna nan yake danna yashi da bargo, yana yage kandurar da ta narke ta manne da fata. Sai da mutane suka ga gemun Usta yana nannaɗewa yana baƙi shi kaɗai, sannan tafin ya tsaya.

Ganim ya rayu. Ya daɗe a asibiti, ya fito ba kunnen hagu, wuyansa ba ya juyawa sosai, amma yana tafiya da ƙafarsa, bara ma aka yi masa haihuwa. Hannuwan Usta ne ba su dawo ba. Likitoci sun yi iya yinsu, yatsun suka ƙanƙance suka lanƙwashe ciki. Ya koma garejin da taurin kansa, ya yi ta fama, sifana tana zame masa tana faɗuwa, ya sunkuya ya tattaro ta da hannu biyu, ta sake faɗuwa. Moidu ya ce ranar da ya ga haka shiga bayan rumfa ya yi ya yi kuka.

Ranar Juma'ar da ta wuce Suhail ya kira Usta cin abinci, ni ma ina cikin waɗanda aka zauna da su. Aka ajiye tiren shinkafa da naman rago, kowa ya sa hannu, Usta yana ta ƙoƙarin dunƙula loma tana wargajewa. Ba wanda ya iya kallonsa. Ganim ya matso, ya dunƙula, ya kai masa baki. Usta ya kau da kai.

"Ni ba jariri ba ne."

"Na sani, Baffa. Karɓi dai."

Ya karɓa. Suhail ya tashi ya fita daga ɗakin, bai dawo ba sai da aka ɗauke tiren.

Usta Shahdad, ɗan Makran, uban 'ya'yan wasu. Kai ne aka ba amana ka biya ta da yatsunka goma. Kai ne ka yi shekaru kana tsugune a rana ana yi maka dariya, saboda rana ɗaya da kake roƙon Allah kada ta zo. Mun gode. Allah Ya saka maka, Ya sanyaya hannuwan nan ranar da kowa zai nemi inuwa.

Ku kuma samari, da ku masu garejin da za ku gaji motocinsa, tseren hunturu ya kusa, kuma har yau ban ji wanda ya ce zai tsaya a ƙarshen fili ba. Wani ya tashi ya je. In kun ga mutum ya diro daga mota yana tsalle, ku ajiye wayar ku ruga, in rawa ce yake yi kwa ba shi haƙuri daga baya.