Abin da ke Kuka a Saman Motar Lorna

Duk wanda ya taɓa kwana a asibitin garinmu a shekarun baya, to ya kwanta a kan aikin hannun Lorna Tuckwell ko bai sani ba. Shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin wanki da guga, kuma ba a taɓa samun zanin gado ɗaya da ya fito daga hannunta a yamutse ba. Mace ce 'yar gajera mai faɗin kafaɗa, irin wadda in ta shigo gidanka sai ta gyara maka labule kafin ta gaishe ka. Abu na biyu da aka san ta da shi kuwa tambaya. Tun tana yarinya a gonar shanun mahaifinta take damun mutane da me ya sa kaza, ya aka yi kaza, kuma tsufa bai raba ta da halin ba. Likita ma in ya rubuta mata magani, ba ya tsira sai ya faɗa mata yadda ƙwayar ta san inda ciwon yake.

Tambayar nan ce ta kai ta ruwa. Tana da shekara hamsin da shida ta hangi wata mata a tafkin Wallaga tsaye cak a kan allon ruwa, tana tuƙawa da doguwar sanda kamar mai sharar tsakar gida. Lorna ta kafe a gaɓa har matar ta fito, ta tare ta. Me ya hana ta faɗuwa? Ƙafa ce ke aikin ko ƙugu? Me ake gani a ƙasa? Sati uku bayan nan ta shiga kantin kayan ruwa da ke Bermagui, ba ta fito ba sai la'asar. Mai kantin ya sa ta ɗaga hannu sama, ya ce inda wuyan hannunta ya tsaya nan za a yanke sandar tuƙi. Sau uku ta sa shi ya sake awo kafin ta bar shi ya ɗauko zarto. Da aka zo kan igiyar da ke haɗa mutum da allonsa, ya ce ta ƙafa ta isa a cikin tafki, amma a bakin teku, inda ruwa ke gudu, ta ƙugu ake so, mai kwancewa da fizga ɗaya. Ba ta yarda ba sai da bawan Allah ya zana mata a bayan kwali yadda igiyar ƙafa kan maƙale a turke, ruwa ya danne mutum. Ta ɗauki ta ƙugun, da rigar da ke hana nutsewa, da allo fari mai ratsin shuɗi wanda ya ninka ta biyu a tsawo.

Mijinta Clarrie tsohon direban motar katako ne, shekara arba'in yana ɗaure kaya, kuma bai taɓa ɗora ƙafa a kan allon ba. Cewa yake ruwa na kifi ne. Amma kowace Talata shi ke cicciɓar allon ya kife shi a kan kariya, ƙarafan ɗora kaya na saman mota, fiffiken ƙarƙashinsa na kallon sama ta wajen gaba, ya wurga igiyoyi biyu masu faɗi irin na bel, ya ja, ya ɗaure. Abin da ke ci wa Lorna tuwo a ƙwarya shi ne kullum sai ya bar igiyoyin a murɗe. Da ya juya baya sai ta jawo kwandon madara ta taka, ta sassauta, ta shimfiɗe su lafiya lau, tana mitar mutum ya shekara arba'in a aiki bai iya miƙar da igiya ba. Clarrie dai shayinsa yake kurɓa. In sun kai gidan man da ke ƙarshen gari sai ya tsaya, ya aike ta ta sayo masa jarida da alewar na'a-na'a, da su zai zauna a mota har ta gama shawaginta. Haka suka yi shekara goma sha ɗaya.

Sai ga shi bara, a tsakiyar sanyin Yuni, watan da hunturu ke kamawa a ƙasarmu, Clarrie ya yanke jiki ya faɗi a bakin gareji. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta koma fita da ƙyar, kalma ɗaya sai an jira ta biyu. Wata huɗu ya yi a asibiti, ya dawo gida a keken marasa lafiya. Wanka, ci, juyi a gado, duk suka dawo wuyan Lorna. Ranar Talata kaɗai wata ma'aikaciyar jinya mai suna Deidre kan zo daga ƙarfe tara zuwa sha biyu. Awa ukun nan su ne duk abin da Lorna ta mallaka a sati, kuma ta san inda take so ta kashe su, domin a kan ruwa ne kaɗai ba a kiran sunanta.

Ɗora allon ta koya da kallo. Ta yi Talata biyu tana zagaya wurin ajiye motoci na bakin tafki, hannu a baya, tana leƙen yadda gajerun mutane ke yi. Ashe tawul ake shimfiɗawa a bayan mota, a jingina hancin allon, a koma a ɗaga wutsiyar a tura, sai ya zame da kansa. Ta gwada, ya hau. Ta wurga igiyoyi, ta shimfiɗe su yadda ranta ke so, babu mai murɗa mata. Ta ratsa gari lafiya, ta wuce gidan mai, ta hau babban titi. Gudun mota na kaiwa tamanin sai wani ƙugi ya tashi a bisa kanta, mai shiga haƙori, rufin motar har karkarwa yake. Ta taɓa ganin allo ya tashi daga kan wata mota ya dira a gaban bas, kuma hoton bai bar idonta ba. Ta sauka ta duba, komai daram. Ta sake tashi, ƙugin ya dawo. Ranar a hamsin ta tafi, jerin motoci a bayanta suna ta ham, tafiyar minti ashirin da biyar ta zama ta kusan hamsin. Kafin ta sauke allo ta sa riga, lokacin juyowa ya yi.

'Yarsu Bronwyn, wadda ke Canberra, ta ce a waya maganar ba ta da tsawo: a sayar da allon, a sayi irin wanda ake hura wa iska a naɗe shi a but. Lorna ta ari na wata ƙawarta ta gwada. Minti ashirin tana famfo, kafaɗarta ta kwana uku tana zogi, kuma da ta hau sai ta ji shi yana lotsawa kamar tsohuwar katifa. Ta mayar wa mai shi da godiya. Bronwyn ta ce to a haƙura da ruwan mana, ai shekaru sun ja, kuma in wani abu ya same ta a titi wa zai riƙe Baba? Wannan maganar ce ta shige ta, don gaskiya ce. Da bakinta ta ce in ƙarshen wata ya zo ba ta gano abin ba, Bronwyn ta zo da mai saye.

Clarrie bai san komai ba. Kullum ta dawo sai ta ce ruwa ya yi daɗi, ta ga kwasa-kwasa, ta ga kifi. Ba ta so ya ji cewa faɗuwarsa ta raba ta da abu ɗaya da take yi wa kanta. Akwai kuma girman kai a ciki, kada a ɓoye, domin wadda ta shekara goma sha ɗaya tana gyara aikin mutum ba za ta so ta dawo tana tambayarsa ba.

Tsoro ya kama ta, amma son sani ya fi tsoron ƙarfi. Me ke kukan? Allon ne, ko ƙarfen kariya, ko iska ce ke shiga wani rami? Ta juya allon wutsiya gaba, ƙugin bai fasa ba. Ta cire fiffiken gaba ɗaya, haka. Ta naɗe ƙarafan da tsofaffin safunan Clarrie, ta toshe ramin da ake riƙe allon da soso, ta liƙe bakin gilashi da salatif. Ta lura in ta ƙara ɗaure igiya muryar kan ƙara siriri, sai ta ɗauka ta kusa, ta ja iya ƙarfinta har gefen allon ya lotsa. Ranar ta zauna a kan kwandon madara ta ji haushin kanta sosai. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne mota ɗaya ce, allo ɗaya, igiya ɗaya, titi ɗaya, amma a hannun Clarrie ko tari rufin bai taɓa yi ba.

Talatar ƙarshe ta wata ta fito ba tare da wata sabuwar dabara ba. A ƙarshen gari ta ratse gidan man, ba don tana bukatar mai ba, sai don ta jinkirta hawa titin. Mai wurin, Stavros, wani tsoho mai tumbi da farin gashin baki, ya fito yana goge hannu. Ya tambayi jikin Clarrie, ya ce Talata ta daina yi masa daɗi tun da babu mutumin da ke zuwa ya tare masa famfo bai sayi ko ɗigon mai ba. Yana maganar idonsa na kan rufin motar.

"To yau wa zai murɗa miki?" in ji shi.

Ta ce murɗa me? Stavros ya dube ta da kyau, ya ga da gaske take, sai ya fara dariya har da riƙe ciki. Ya ce ai shi ta taga yake kallo duk shekarun nan. Da ta shige kanti wajen jarida, Clarrie zai fito da sauri, ya sassauta igiyar gaba, ya murɗa ta sau ɗaya a kowane gefe, ya ja, ya koma ta baya ya yi haka, ya shige mota ya zauna kamar bai motsa ba. Ya ce ya taɓa tambayarsa, Clarrie ya ce igiya mai faɗi in ta miƙe sumul iska kan kaɗa ta kamar tsirkiyar garaya, amma in aka murɗa ta sai iskar ta rasa inda za ta kama. Duk direban babbar mota ya san wannan.

"Na ce masa me zai hana ka yi tun a gida? Ya ce a gida akwai sufeto."

Lorna ba ta yi dariya ba. Ta buɗe but ta ɗauko kwandonta, ta taka, ta sassauta igiyar da ta shimfiɗe da safe, ta murɗa. Hannunta har ƙi yake, don abin ya yi mata muni a ido. Stavros ya nuna mata ɗaya gefen, ta yi. Ta hau titi, ta kai sittin, ta kai tamanin, ta kai casa'in tana jiran ƙugin. Ba abin da take ji sai taya a kan kwalta. Sai kunya ta rufe ta, da tausayi, da wani irin so da ta daɗe ba ta ji ba a cikin wankin zannuwa da awon magani. Ta samu wuri ta juya motar ta nufi gida.

Deidre ta yi mamakin ganinta, ta ɗauka wani abu ya faru, Lorna ta ce ta ɗan ba su wuri. Clarrie na zaune a baranda, bargo a gwiwa, rediyo na ta surutu a gefensa. Ta kashe rediyon, ta juya kekensa ya fuskanci motar da ke bakin ƙofa. Ya daɗe yana kallon igiyoyin, sannan ɓarin bakinsa mai lafiya ya ɗaga.

"Tsoho," ta ce, "shekara goma sha ɗaya ina zaginka a kan igiyar nan. Me ya hana ka gaya min?"

Ya buɗe baki, kalmar ta ƙi. Da can da ta ƙarasa masa, don ta saba, amma yau ba ta san amsar ba, dole ta jira. Ya haɗiye yawu, ya sake gwadawa.

"Kina... jin daɗin... gyarawa."

Ta zauna a kan dakalin baranda ta kama hannunsa na hagu, ta yi kuka sosai, shi kuma ya bar ta. Ta faɗa masa duk abin da ta ɓoye: tafiyar hamsin, da safunansa, da lotsawar allon, da mai sayen da Bronwyn za ta kawo ranar Asabar. Ta ce yau ba inda za ta, a nan za ta zauna tare da shi. Clarrie ya zare hannunsa daga nata, ya ƙwanƙwasa gilashin agogon da ke wuyan hannunta da yatsa. Ƙarfe goma da kwata.

"Tafi," ya ce.

Ta goge fuska da gefen rigarta, ta kira Deidre, ta ɗauki makulli.