Yadda Mai Faci ta Shiga Layin Kibiya

Cikin duk shekarun da na yi ina duba motoci a tasha, akwai wata Laraba da ba ta taɓa fita daga raina ba, ranar da na ƙi sa hannu a kan motar da ta fi kowace mota kyau a garin Rano. Tunda kuna yawan tambayata me ya sa nake fara duba mota daga belet ɗin kujera, yau ga amsarku.

Ga wanda bai san aikinmu ba, kafin mota ta shiga layin haya sai ta bi ta hannu uku. Sakatare ya duba takardu, ni in duba lafiyarta, sannan ciyaman ya ba ta lamba. In ban sa hannu ba, ko ta wa ce, ba ta ɗaukar fasinja. A lokacin ina shekarata ta biyu a kujerar. Ciyaman ɗinmu kuwa Alhaji Sule ne, mutumin kirki, sai dai ba ya son a ce masa a'a a gaban jama'a.

Haruna direba ne, mutumin Dawaki. Shekara ashirin yana jan motocin mutane tsakanin Kibiya da Kano. A farkon daminar shekarar ya sayar da shanun nomansa guda biyu don ya mallaki tasa. In motar ta ba shi kunya, ba mota, ba shanu. Shi ya sa ya roƙe ni in duba kafin a yi sallama, don kun san da zarar an ce an sallama, ciniki ya faɗa.

Dillalin surukin ciyaman ne, kuma motoci biyu ya kawo, dukansu 'yan Kwatano. Irin waɗanda kamfanonin inshora na ƙasashen waje suka fid da rai da su ne, aka yi gwanjonsu, aka gyara aka kawo mana. Ɗaya fara ce sol, sai sheƙi take. Ɗayar shuɗiya ce, amma murfin but ɗinta ja ne, don an buge ta ta baya an sa mata na wata motar. Dillalin bai ɓoye ba, har hoton bugun ya nuna mana a wayarsa. Haruna ko kallonta bai yi ba.

Ban ga laifinsa ba. Mu nan abu ɗaya muke tsoro a mota, a ce ta taɓa yin hatsari. Sai ka ji ana cewa ta ɗanɗani jini, za ta sake nema. Ciyaman da kansa ya shafa farar ya ce, "Malam Idi, wannan ai ba sai ka wahala ba. Ji injin nan."

Injin kam lafiya lau. Na bi jikinta da mayen ƙarfe, wanda ba ya kamawa a inda aka yi ciko, ya kama ko'ina. Har na ciro biro. Saura kawai in ɗan zaga da ita kan titi. Zan so in ce muku ƙwarewa ce ta cece ni, amma gaskiya tumbina ne. Akwai jami'an hanya a titin ranar, sai na ce bari in ɗaura belet, abin da direbobinmu ba sa yi sai sun hango su. Mai jiki irin nawa kuwa sai ya jawo belet har ƙarshe kafin ya kai.

Da ya ƙare fitowa sai na ga launinsa ya canja. Daga wani wuri zuwa ƙasa duk shatin taɓo ne, ga warin ruma da turaren da aka feshe motar da shi bai kai gare shi ba. Na mayar da biro aljihu. Na ɗaga kafet, na ga yashi mai laushi. Na zare wani soket a ƙarƙashin kujera, bakin wayoyin duk ya yi kore. Motar nan ta kwana cikin ambaliya. Masu wanke ta sun wanke ko'ina, sun bar belet a naɗe, don sun san inda za ta je ba mai jan sa.

Ban ce komai a wurin ba. Na bari aka idar da azahar, na tari ciyaman a gefen masallaci.

"Ranka ya daɗe, farar nan ba zan sa mata hannu ba. Ruwa ta sha."

"Ruwa kuma? To ai ta bushe."

"Ƙarfen ya bushe, wayoyin ne ke ruɓewa a hankali. Wata rana tana tsakiyar wuce tirela za ta ɗauke, da mutum bakwai a ciki."

Ya waiga wajen da motar take. Sannan ya ce, "Ka san wanda ya kawo ta."

"Na sani. Shi ya sa na same ka a nan."

Ya je da kansa ya ja belet ɗin, ya sansana, ya kira surukinsa. Bawan Allah ya rantse shi ma haka aka sayar masa, kuma na yarda da shi, don na ga yadda gumi ya keto masa. Daga baya masu kayan gyara ya sayar wa, bayan ya gaya musu aibinta.

Sai muka koma kan shuɗiyar. Na sa aka hau da ita kan rami, na shiga da tocila. Shasi, wato ƙashin motar, bai lanƙwashe ba, ba kuma waldar da ta raba ta biyu, irin ta masu haɗa gaban wata da bayan wata. Na auna tsakanin tayoyinta da igiya, kusurwa zuwa kusurwa, awon ya zo daidai. Bugun bai wuce but ba.

Na zaunar da Haruna na gaya masa komai. Na ce ranar da zai sayar da ita ba za ta yi daraja ba, ƙofar baya za ta riƙa shigar da ƙura, kuma mutane za su yi surutu. Amma ciwonta a fili yake, na gan shi, na auna shi.

Ya ce, "Malam, in taka ce za ka saya?"

Na ce, "Zan saya, kuma zan sa iyalina a ciki."

Ya yi bisimilla ya karɓi makulli. Ni kuwa na sa hannu, raina kwance.

Surutu kam an yi. Kafin la'asar an raɗa mata suna Mai Faci. Ranar kasuwar Kibiya ta farko sai da ta daɗe a layi ba wanda ya shiga, har Alhaji Sule ya taso daga bencinsa ya zauna a gaba, ya ce Kano za shi. Ba abin da zai yi a Kano. Ganinsa a ciki ya sa mata masu kayan miya suka fara loda kwandunansu.

Abin da na koya shi ne, motar da aka nuna maka rauninta kana iya auna shi, ka yanke shawara da idonka biyu. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce wadda ba a samu abin faɗa a kanta ba. Na kuma koyi cewa manyanmu suna karɓar gaskiya in ka san inda za ka tare su da ita.

Mai Faci tana nan a layi har gobe, kun san ta. Haruna ya mayar da shanunsa tuni. Na sha ce masa ya yi wa but ɗin nan fenti ya huta da tsokana. Sai ya yi dariya ya ce, "A'a Malam, bar shi. Duk wanda zai shiga, gara ya san abin da ya shiga."